Abin da ya sa bunƙasar tattalin arziki ba ta isa tukunyar talaka a wasu ƙasashe

A watan Afrilun 2014 aka sake lissafin tattalin arzikin Najeriya, aka tarar ya kai kimanin dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu, ya zama mafi girma a nahiyar. Kafin nan ƙasar ta shafe fiye da shekara goma arzikinta na ƙaruwa da kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari a shekara. Amma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci na 2019, sai ga kashi 40 cikin ɗari na jama'a, wato mutum kusan miliyan 83, suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara. Ba a ma haɗa da jihar Borno a lissafin ba.

To, ina arzikin ya shiga? Masana sun daɗe da lura cewa girman bunƙasa kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin dubawa shi ne sashen da ya bunƙasa, da kuma ko talakawa a cikinsa suke neman abinci.

Ƙasar Sin ce misalin da aka fi kafa hujja da shi. A ƙarshen 1978, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a wata takarda a asirce, suka raba gonar gandun gwamnati gida-gida. Laifi ne babba a lokacin, har suka yi alkawarin cewa idan aka ɗaure wani, saura za su riƙe masa 'ya'yansa. Da kaka ta yi, amfanin gona ya ninka. Maimakon hukunci, gwamnatin Deng Xiaoping ta rungumi tsarin: manomi ya ba hukuma kasonta, rarar tasa ce, ya ci ko ya sayar. Aka kuma ƙara farashin da hukuma ke sayen hatsi. Hatsin da ƙasar ke nomawa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa miliyan 407 a 1984.

A waɗannan shekarun ne talauci ya fi saurin raguwa, tun kafin manyan masana'antun gaɓar teku su kankama. Daga baya masaƙu da masana'antun takalma da na kayan lantarki suka kwashi miliyoyin 'yan ƙauye aiki, kuma sun samu ma'aikata da yawancinsu sun iya karatu da rubutu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40, duk da cewa tazara tsakanin birni da ƙauye ta faɗaɗa ƙwarai. Rahoton bankin na 2008 ya nuna cewa bunƙasar da ta taso daga noma tana rage talauci aƙalla ninki biyu na wadda ta taso daga wasu sassan.

Ta Najeriya kuwa daga man fetur ta taso, sai harkar sadarwa bayan lasisin wayar salula na 2001, da bankuna. Sassa ne masu kawo kuɗi, amma rijiyar mai ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa. Noma ma ya ƙaru, sai dai galibi ta hanyar faɗaɗa gonaki ne, yayin da abin da kadada ɗaya ke bayarwa bai motsa sosai ba. Ga yawan jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi 2 cikin ɗari kowace shekara, yana cinye wani ɓangare na ribar.

Binciken hukumar ƙididdiga na 2022, wanda ya duba ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, ya sami mutum miliyan 133 cikin talauci. A karkara kashi 72 cikin ɗari ne, a birane kashi 42, kuma kashi 65 cikin ɗari na dukkansu suna Arewa, inda a sassan Zamfara da Katsina manomi kan biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa.