Jar Akuyarmu, Takalmin Italiya

Idan aka ambaci Aliero, albasa ce ke fara zuwa wa mutum a rai, kuma kowa ya san manyan motocin da ke kwasarta zuwa Kudu. Akwai kuma wata haja da ke barin yankin nan ba tare da an kula da ita ba, wato fatar akuya. Daga mahautar Jega, da ta Aliero, da ƙauyukan Maiyama ake tsintar ta ɗaya-ɗaya, a barbaɗe ta da gishiri, a tara ta har ta cika mota, sannan a nufi Sakkwato ko Kano da ita.

Jar akuyar nan da muke ɗaurewa a bayan ɗaki, wadda ake kira ta Sakkwato a nan, ta Maraɗi a Nijar, tana cikin awakin da majeman duniya suka fi yaba fatarsu. Fatar tana da laushi da ƙarko, ga ta da karɓar rini. Tun ƙarnonin baya fatake ke ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Da yake a hannun 'yan kasuwar gaɓar teku Turawa suka san ta, sai suka haɗa ta da sauran fatun can, suka kira su fatar Maroko. Da ita aka yi bangon littattafai masu daraja a Ingila, kuma har yau masu wannan sana'a sun san abin da suke kira Niger morocco.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin kayan da muke fitarwa a wancan zamani. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa garin na fitar da takalma ɗinkakku da jemammun fatu rinannu, wasu har Tarabulus. Ke nan majemi ya ci da bagaruwarsa, marini ya ci da karan dafinsa, baduku ya ci da basillarsa, kafin fatar ta bar ƙasa. Jega kuwa a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, mahaɗar ayarin fatake. Bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai ciniki ya juya zuwa Legas, kamfanonin Turawa kuma suka fi son busasshiyar fata, don su jeme ta da kansu a gida.

Yau doka ta hana fitar da ɗanyar fata daga Nijeriya, saboda haka masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano ke jeme ta tukuna. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Sai dai jemammiyar fata ma kayan aiki ce, ba takalmi ba. A Italiya da Sifaniya ake yanka ta, a ɗinka, a buga mata tambari. Ƙa'idar cinikin Turai ta ce asalin kaya shi ne inda aka yi masa babban aiki na ƙarshe, don haka matar da ta sayi jaka a Milan za ta ga sunan Italiya kawai. Da an kira fatarmu ta Maroko, yanzu ta Italiya. Mu kuma a kasuwar Jega takalmin roba na Sin muke saya wa yaranmu.

Ba na cikin masu cewa a rufe iyaka gobe har sai mun iya ɗinka jakar da za ta yi gogayya da ta Milan. Wanda zai fara jin jiki shi ne mahauci da matar da ke kiwon akuya biyu. Asarar da ta fi kusa da mu tana faruwa ne tun kafin fata ta hau mota. A Kano daraja-daraja ake ware fatu, kuma wuƙar da ta zame wajen fiɗa ta huda fata, ko ƙazwa, ko ƙarcen ƙaya, ko jinkirin sa gishiri a ranar zafi, kowanne na iya sauke ta daga sahun farko zuwa na ƙarshe. Ranar Babbar Sallah abin ya fi muni: mai layya nama ne a gabansa, sai a miƙa wa yaro wuƙa, fatar kuma ta wuni a ƙasa ƙudaje na bi. Ga kuma barbarar da ake yi da kowane irin bunsuru, har jar akuya ta asali na neman gaurayewa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar bashin ƙasar waje. Akwai cibiyar binciken fata ta tarayya a Samarun Zariya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero mai tsangayar aikin gona, akwai Sarkin Fawa a kowane gari. Ina so in ga ƙananan hukumomin nan uku sun zaunar da su wuri ɗaya kafin layya mai zuwa, a koya wa matasan mahauta fiɗa da wuƙa mai lanƙwasa, a kafa rumfar gishiri kusa da kowace mahauta, dillalai kuma su riƙa biyan fata marar huji kuɗin da ya fi na mai huji tun a ƙauye.