Ƙiba, Motsa Jiki da Sankarar Mama: Binciken Dokta Anne McTiernan

Tun a farkon ƙarni na 18 wani likita na ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafi a kan cututtukan da ke bin sana'o'in mutane, ya lura cewa sankarar mama ta fi kama mata masu zaman zuhudu na coci, waɗanda ba su aure ba su haihuwa, fiye da sauran mata. Amma sababin haka bai bayyana gare shi ba, bai kuma bayyana ga waɗanda suka biyo bayansa ba, har zuwa 1896, lokacin da wani likitan fiɗa na birnin Glasgow, George Beatson, ya ba da bayanin cewa ya cire wa wata mai wannan cuta ma'ajiyar ƙwanta, sai ƙarin da ke nononta ya lafa. Daga nan ne sannu a hankali aka gane cewa akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, wanda ake kira estirojin, shi ke tafiyar da sha'anin haila, kuma galibin sankarar mama da shi take rayuwa take haɓaka.

To, sai wata mas'ala ta taso. Idan mace ta manyanta, haila ta ɗauke mata, ma'ajiyar ƙwai takan daina fitar da wannan sinadari, alhali kuwa a ƙasashen Turai da Amurka a waɗannan shekaru ne cutar ta fi yawa. Daga ina ke nan yake fitowa? Masu bincike na shekarun 1970 suka ba da jawabi: daga kitse. Ashe kitse ba rumbu ba ne kurum inda jiki ke tara rarar abinci, a'a, a cikinsa akwai wani mahaɗi da ake kira aromatas, wanda ke karɓar wasu sinadarai da ƙananan gaɓɓan da ke bisa ƙoda suke fitarwa, ya juya su su koma estirojin. Saboda haka dattijuwa mai ƙiba jininta ya fi na siririya ɗauke da shi. A kan wannan asasi ne Dokta Anne McTiernan, ta Cibiyar Binciken Sankara ta Fred Hutchinson da ke birnin Seattle, ta gina aikin rayuwarta.

Ita wannan mata a yankin Boston ta tashi, a gidan talakawa 'yan asalin ƙasar Ailan, kuma ta faɗa da kanta a littafinta Starved, wanda ya fito a 2016, cewa tana 'yar shekara 4 aka kai ta makarantar kwana, inda ƙunci da kewa suka hana ta cin abinci, ta rame har wani likita ya tilasta a komar da ita gida. Ta fara samun digirin digirgir a ilmin bin diddigin cututtuka a cikin al'umma daga Jami'ar Washington, sa'an nan, tana da 'ya'ya biyu, ta shiga makarantar likitanci a New York. Wannan jerantawa ba a saba da ita ba, domin yawanci likitanci ake fara yi, amma ta amfane ta: ta zo gadon majinyaci da idon mai lissafi, wanda ya riga ya san bambancin zato da yaƙini.

A zamanin da ta shiga fagen, hujjar da ake da ita ta lura ce kawai. A 1994 Leslie Bernstein, ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ta nuna cewa matan da ba su wuce shekara 40 ba, waɗanda suka lizimci motsa jiki kimanin awa 4 a mako tun daga balagarsu, haɗarin kamuwarsu bai kai rabin na marasa yi ba. McTiernan da abokan aikinta suka duba dattawan mata, a cikin wani babban shiri na binciken lafiyar mata da gwamnatin Amurka ta kafa a farkon shekarun 1990, suka bi mata 74,171 masu shekara 50 zuwa 79, suka bayyana a 2003 cewa waɗanda ke tafiyar sassarfa ta awa ɗaya da kwata zuwa awa biyu da rabi a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 18 cikin 100.

Mai karatu zai ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin duk mai hankali yana iya kawo suka, ya ce: matar da ke da zarafin fita yawo kullum da safe, wataƙila ita ce mai wadata, mai ilmi, mai cin abinci na gari, mai zuwa asibiti da wuri, ta yaya za a san cewa tafiyar ce ta kare ta, ba ɗaya daga cikin waɗannan ba? Haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta wajabta cewa ɗayansu ne sababin ɗaya, kuma wannan ƙa'ida ce da malaman manɗiƙi suka daɗe da saninta. Hanyar yanke wannan jayayya guda ce, wato ƙuri'a: a tara mata masu kama da juna, a raba su ba bisa zaɓin kowa ba, a sa wa wasu aikin, a bar wasu, sa'an nan a gwada. Illa iyaka idan sankarar kanta za a jira a ƙidaya, sai an tara dubban mata an tsare su shekaru masu yawa, abin da kuɗi da haƙurin ɗan Adam ba za su ɗauka ba. Dabarar McTiernan ita ce ta auna abin da ke tsakanin sababi da cuta, wato sinadaran da ke cikin jini.

A gwajinta na farko ta ɗauki mata 173 masu shekara 50 zuwa 75, dukansu masu nauyin jiki, marasa sabo da motsi. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa aka ɗora musu minti 45 a rana, kwana 5 a mako, har shekara guda, wani lokaci a gida, wani lokaci a ɗakin motsa jiki, inda dattijuwa za ta hau na'urar tafiya ko keken da ba ya gusawa, da ma'aunin bugun zuciya ɗaure a jikinta, ta kuma rubuta kowane zama a takarda. Sauran kuwa miƙe gaɓɓai kaɗai aka ba su. Da aka auna, sai aka tarar nauyi bai ragu da yawa ba, bai kai kilo 2 ba, amma kitsen cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji, ya ragu. Estirojin ma ya sauka, sai dai kaɗan, kuma saukar ta fi bayyana ga waɗanda kitsensu ya zube. Da wani ne mai son ya ɗaukaka abin da ya shahara da shi, da ya tsaya nan ya yi ta shela. Ita kuwa sai ta tambayi kanta ko motsin ne ke aikin, ko ramar da yake jawowa.

Wannan ya haifar da gwaji na biyu, mai mata 439, waɗanda aka kasa huɗu: masu rage abinci, masu motsa jiki, masu haɗa biyun, da waɗanda aka bari yadda suke. Bayan shekara guda masu motsi kaɗai sun zubar da kashi 2.4 cikin 100 na nauyinsu, masu rage ci kashi 8.5, masu haɗawa kashi 10.8, shi kuwa estiradiyol, wanda ya fi sauran jinsin estirojin ƙarfi, ya sauka da kusan kashi 5 ga masu motsi kaɗai, 16 ga masu rage ci, 20 ga masu haɗawa, kamar yadda aka buga a 2012. Hukuncin a fili yake, ko da bai yi wa masu sayar da kayan motsa jiki daɗi ba: ta wannan kafa ta estirojin, rage nauyi ya fi gumi tasiri, ko da yake gumin yana taimakawa. Wannan ilmi ya kai ta kwamitin masanan da suka ba gwamnatin Amurka shawara a kan ƙa'idojin motsa jiki a 2008 da 2018.

Wajibi ne a san iyakar abin da aka tabbatar. Saukar sinadari a jini alama ce mai ƙarfi, amma ba ita ce rashin kamuwa ba, kuma ragin haɗari hukunci ne a kan jama'a, ba alkawari ga mutum guda ba; sau da yawa siririya mai kazar-kazar takan kamu, mai ƙiba ta tsira, don haka zalunci ne a ce wa majinyaciya ita ta jawo wa kanta. Abin mamaki ma, kafin ɗaukewar haila ƙiba tana tafiya ne da ɗan raguwar haɗari, ba ƙaruwa ba.

Akwai kuma iyaka ta biyu, wadda ta shafe mu. Matan Seattle da aka gwada galibinsu Turawa ne, dattawa. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Chicago, wadda ta daɗe tana aiki da likitocin Ibadan, ta nuna tare da abokanta a 2009 cewa a cikin matan Nijeriya da Senegal da suka duba, kaso mai yawa na ƙarin ba ya dogara da estirojin, kuma cutar takan zo musu da sauran ƙuruciya. Ga irin wannan ƙari, bayanin kitse da aromatas bai wadatar ba, sai an duba wasu kafofi, kamar gado da insulin da kumburin da ƙiba ke haddasawa a ɓoye. Kuma a asibitocinmu babban abin da ke hana magani aiki shi ne isowar mace bayan ƙarin ya riga ya fashe ko ya yaɗu, ta ɓata watanni ana shafa masa magani a gida da sunan daji.