Ƙwallon Ƙafa: Dalilin da Ya Sa Mata Ke Neman a Biya Su Daidai da Maza

A ƙasar Amurka akwai ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙasa guda biyu, ta maza da ta mata. Hukuma ɗaya ce ke kula da su. Matan sun ci kofin duniya har sau huɗu, a 1991, 1999, 2015 da 2019. Mazan kuwa ba su taɓa ci ba. Duk da haka, kafin 2022, ladan da ake ba maza in sun ci wasa ya fi na mata.

A watan Maris na 2019, 'yan wasa mata 28 suka kai hukumar ƙara kotu. Hujjarsu ita ce aikin iri ɗaya ne. Kowa minti 90 yake yi a fili, kuma ƙasa ɗaya ake wakilta.

Masu adawa da wannan buƙata su ma suna da tasu hujja. Kuɗin ƙwallo daga 'yan kallo da gidajen talabijin da masu talla yake fitowa, kuma wasan maza ya fi kawo shi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, ta raba dala miliyan 440 a gasar maza ta 2022. A gasar mata ta 2023 dala miliyan 110 ta raba, watau kashi ɗaya cikin huɗu.

Magoya bayan mata sukan amsa da cewa gonar da ba a zuba wa taki ba, ba a ganin laifinta in ba ta yi yabanya ba. A Ingila, alal misali, an hana mata wasa a filayen hukuma tun daga 1921 har 1971. Yaya za su tara 'yan kallo?

A 2022 aka yi sulhu a Amurka. Hukumar ta yarda ta biya dala miliyan 24. Aka kuma daidaita ladan wasa. Kuɗin kofin duniya na maza da na mata ana zuba su a asusu ɗaya, hukuma ta cire nata kaso, saura a raba daidai wa daida. Amma yarjejeniyar ba ta shafi albashin kulob-kulob ba.

A Nijeriya, ƙungiyar mata ta Super Falcons ta ci kofin Afirka sau goma, na baya-bayan nan a 2025. Ta maza ta ci sau uku. Amma a 2016, bayan matan sun ɗauko kofi daga Kamaru, sai da suka ƙi barin masaukinsu a Abuja kafin aka biya su haƙƙinsu. Ke nan a wasu ƙasashe, kafin a kai ga maganar daidaita lada, sai an fara biyan wanda aka yi alkawari a kan lokaci.