Tankar Ruwan Kwangila: A Duba Ta Kafin Ta Ɗauki Rai

Duk inda ake aikin titi ko babban gini, motar da ta fi kowace tsufa da lalacewa ita ce tankar ruwa. Gireda tana da bakanikenta, rola tana da ranar da ake juye mata baƙin mai, katafila kuwa ko tari ta yi sai an kira injiniya daga Kano, don kuɗinta ba na wasa ba ne. Tankar ruwa ba ta da mai kula da ita. Sau da yawa ma ba ta kamfanin ba ce, hayarta aka ɗauko daga wani mai mota da ake biya a kan kowane sawu, shi kuma ya damƙa ta ga yaron da bai daɗe da barin karen mota ba. In ka ce a duba ta, amsar ɗaya ce: "Ai ruwa ne kawai take ɗauka."

Wannan amsa nake so mutanen Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya su daina karɓa. Ayyuka sun yawaita a wannan shiyya ta gabashin Kano. Tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, ta Wudil da Gaya ya bi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 yana da reshe da zai tafi Dutse. Ga titunan kilomita biyar-biyar na ƙananan hukumomi, ga gidajen bulo da gidajen mai da azuzuwan makaranta da ake ta ginawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tafiya ba ruwa, domin jan ƙasa ba ya daddalewa a bushe, komai nauyin rolar da ta hau kansa. To, gireda da rola suna nan inda aka killace musu, ba sa zuwa ko'ina. Tanka ce kaɗai ke safa da marwa tun safe har magariba, daga kududdufi ko bakin kogi zuwa wurin aiki, ta tsakiyar gari, ta gaban makarantar firamare, ta inda awaki ke kwance da inda 'yan talla ke tsallakawa. Motar da aka fi yi wa sakaci ita ce ta fi kowace cuɗanya da jama'a.

Mu fara da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai cin lita 10,000 yana ɗauke da tan 10 ke nan, wato nauyin buhun siminti 200, ban da nauyin motar kanta. Masu cin lita 20,000 kuwa sai a ninka. Amma siminti inda aka ajiye shi nan yake zama, ruwa kuwa ba ya zama. Duk yarinyar da ta taɓa ɗauko bokitin da bai cika ba daga rijiya ta san yadda ruwan ke tambal-tambal yana neman karya mata wuya, shi ya sa take jefa ganye ko ƙoƙo a kai. Masu ƙera tanki su ma sun san da haka, shi ya sa suke gitta faifayen ƙarfe masu ƙofofi a cikinsa, su karya ƙarfin ruwan idan ya taso. Waɗannan faifaye cikin ruwa suke kwana, cikin ruwa suke wuni, tsatsa na cin su a inda ido ba ya gani. Ranar da waldarsu ta saki, direba zai taka birki, motar ta tsaya, sai tan biyar ko shida na ruwa su taho daga baya su bugi gaban tanki, su tura ta gaba ta hau abin da ta tsaya dominsa. A kwana kuwa ruwan gefe guda yake komawa, ya ɗaga tayoyin ɗaya ɓangaren. Kuma tankar ban ruwan titi rabin yininta a rabin ciki take yi, tunda fesawa take tana tafiya. Wane mai mota ne a cikinmu ya taɓa sa a buɗe murfin sama, a haska tocila a ga ko faifayen nan suna nan?

Sai birki, wanda a nan ne na fi jin takaici, domin gyaransa na yau da kullum ko sisi ba ya ci. Manyan motocin nan, Daf ne ko Mak ko tsohuwar Marsandi, akasarinsu birkin iska ne da su. Kwamfaresa tana tara iska a wasu tukwane da ke ƙarƙashin mota, iskar kuma tana zuwa da danshi, danshin ya zama ruwa ya kwanta a gindin tukunya. Akwai ɗan bawul a ƙasan kowace tukunya da direba zai ja kullum, ruwan ya tsiyaye. Aikin minti biyu ne. In ba a yi ba, ruwan ya cinye wurin iska, ya sa bawul-bawul tsatsa, har ranar da za a taka birki a ji wayam. Allurar da ke nuna ƙarfin iska a gaban direba, a motoci da yawa ta mutu tuntuni, ƙararrawar gargaɗin kuma an cire wayarta don wai tana damun mutane. Za ka ji mota na tsaye tana huci ta ƙasa, kowa ya san iska ce ke zurarewa, amma sai a ɗaure tiyon da roba a ce a lallaɓa zuwa Juma'a. Ita kuwa tanka, saboda baya-baya take shiga bakin kududdufi, gangunan birkinta kullum cikin laka da yashi suke, fatar birkin na cinyewa da sauri fiye da ta motar da ke bin kwalta. A haɗa da wani abu da kowane direba ya kamata ya haddace: in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Yaron da ake biya a kan sawu kuwa gudu shi ne abincinsa.

Taya ma haka. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne cewa taya tana tsufa ko da ba a hau ta ba. Amma tankar ruwa ita ce matattarar tayoyin da tirela ta gama da su, masu faci a kan faci, wasu har wayar ciki ta leƙo. A zafin watan Afrilu, da tan goma a kanta, tayar gaba ta fashe, ba direban da zai iya riƙe sitiyari. Na san abin da masu motoci za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa neman kayan gyara ya san yadda farashi ya koma. Sai dai tsadar taya ba ta hana a ɗaure notin da ya kwance, ba ta hana a gwada iska da safe, ba ta hana a sa waigi a bayan taya in an tsaya a gangare.

Batun inji ba zan daɗe a kansa ba, don asararsa a aljihun mai mota take ƙarewa. Motar da ke wuni cikin ƙurar jan ƙasa da hazon hunturu, matatar iskarta da baƙin manta da giris ɗinta ba za su jira lokacin motar gari ba. Injin jan ruwan da ke ɗaure a baya, in aka bar shi yana aiki ba ruwa, ko aka tsoma mesa ba rariya a bakinta, kwana kaɗan zai yi. Wanda ya ƙi, shi ya sani. Abin da ya shafe mu shi ne famfon baya da ke yoyo. Tanka ta bi kwalta tana zubar da ruwa gauraye da jar laka, ɗan acaɓa ya taho da mai ciki a bayansa, santsi ya kwashe su. Babu wanda zai ce tanka ce ta kayar da su, don ta daɗe da wucewa.

Akwai kuma wata fitinar da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Da rani, in rijiyoyi suka ja baya, burtsatse ta lalace, mata da yara kan tare tankar kwangila da jarkoki, direba kuma ya tsiyaya musu, wani don Allah, wani don na goro. Niyyar ba laifi. Amma daga ina ruwan ya fito? Ruwan jiƙa titi ba a zaɓensa: kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasa, inda shanu ke sha, yara ke wanka, ruwan sama ke wanko bayan gari ya zuba. Tankin kansa, tun da aka saye shi ba a taɓa wanke shi ba, laka da gansakuka sun yi kauri a gindinsa. Kada mu manta da 2021, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi muni. Tankar da za ta ba mutane ruwan sha dole ta zama daban, mai murfi, wadda ake wankewa da sinadarin kilorin, kuma daga famfo ko burtsatse take ɗiba. Wadda ba haka ba, ruwanta na titi ne da kwaɓa siminti, ko alwala ban ba da shawarar a yi da shi ba.

Mafi muni, wasu tankokin asalinsu na fetur ne ko na gas, suka tsufa aka mayar da su na ruwa. Mai yana maƙalewa a lungunan tanki da cikin tsatsa, tururinsa kuma ya daɗe bai fita ba. Tanki ya tsage, a kai wa mai walda a bakin kasuwa, ya kunna wuta ba tare da ya tambayi abin da motar ta taɓa ɗauka ba. Ko a zura yaro ta murfin sama ya kwashe laka, a wurin da iska ba ta shiga, ba igiya a ƙugunsa, ba mai tsaye a kansa. Maƙwabtanmu na Majiya a ƙaramar hukumar Taura sun ga abin da tanka ke iya yi a watan Oktoban 2024, lokacin da ta fetur ta kife ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Waccan fetur ta ɗauko, gaskiya ne, amma kafin wuta ta tashi kifewa ta fara yi, kuma kifewa ba ta tambayar abin da ke cikin tanki.

In abu ya faru, sai a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa cewa ta wanke mai sakaci ba. A shari'ar Musulunci kisan kuskure ma yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. To ina ga wanda ya ji motarsa na zubar da iska tun da safe, ya ce a tafi a haka?

Alhaji mai mota, ka ware rabin yini a mako motar ta tsaya, bakanike ya shiga ƙarƙashinta, a rubuta abin da aka gani a littafi, kuma kada ka yanke wa direba kuɗin wannan yinin. Malam direba, ka zagaya motarka kafin ka tayar da ita, ka tsiyaye tukwanen iska, ka jira allura ta hau, kada ka ja da baya sai yaronka na tsaye yana kallon bayan motar, don yara ba sa rabuwa da gindin tanka. In birki bai yi maka ba, ka ajiye makulli. Mai motar zai sami wata motar, 'ya'yanka ba za su sami wani uban ba. Ɗan kwangila kuma ya sani cewa motar haya da ke aiki a wurinsa tana wuyansa, kamar yadda giredarsa take. Jami'an KAROTA da na duba lafiyar motoci, a riƙa leƙa hanyoyin burji, domin tankokin nan ba kasafai suke hawa babban titi inda kuke tsayawa ba.

Ranku ya daɗe dagatai da masu unguwanni na Toranke da kewaye, ku ne ɗan kwangila ke fara zuwa gaisarwa kafin ya sauke kaya, a wurinku yake neman izinin kududdufin da zai ɗebi ruwa. Tun a wannan zama ku gindaya masa sharaɗi: hanyar da tanka za ta bi, kada ta ratsa gaban makaranta lokacin tashi, kada ta sayar wa kowa ruwan sha, kuma wadda aka gani tana yoyo ko tana hucin iska ba za ta sake shigowa gari ba sai an gyara ta.