Giya Ta Ɓace A Kanti, Ina Mashayin Ya Nufa?

Ran nan bayan sallar isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gida, sai wani maƙwabcina, dattijo mai son alheri wanda ba na tuhumar niyyarsa ko kaɗan, ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Malam, dubi ikon Allah." Na karɓa na duba, sai ga hoton wani babban kanti, kantocinsa wayam, an rubuta a ƙarƙashi wai hukuma ta ƙara wa giya haraji, giya ta ɓace a kasuwa, mashaya sun tuba, wanda ya karanta ya tura wa mutum goma. Babu sunan ƙasa, babu kwanan wata, balle sunan wanda ya ɗauki hoton. Na ce, "Alhaji, wace ƙasa ce?" Ya ce oho, shi ma turo masa aka yi. Wannan shi ne karo na uku ko na huɗu da irin wannan labari ya iso gare ni, kuma kowane karo sai in ji mutane masu hankali suna hamdala a kansa, har wani ya ɗauke shi hujja a wurin wa'azi. Abin ya ishe ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Harajin da ake magana a kansa ba ya bukatar dogon sharhi. Kuɗi ne da hukuma ke ɗora wa kowace lita tun a bakin masana'anta, kamar yadda take yi wa taba, masana'anta ta ɗora wa dillali, dillali ya ɗora wa mai kanti, mai kanti ya sauke a kan mai saye. Nijeriya ma ta yi irin wannan ƙari a watan Yuni na 2018.

Amma me ke sa kanti ya bushe a makonnin da ƙarin ya fara aiki? Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya riga ya san amsa, domin kuwa da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa farashi zai tashi ranar kaza, sai ka ga gidajen mai sun ja ƙofa sun ce babu, alhali kuwa tankunansu na ƙarƙashin ƙasa cike suke, ana jiran ranar da za a sayar da tsohon kaya a sabon farashi. Haka nan masu motoci, don tsoron abin da ke tafe, kowa ya cika tanki ya cika jarka, sai ƙarancin da ake gudu ya auku tun ranarsa ba ta zo ba. Ba wanda ya taɓa ganin gidan mai a rufe ya ce direbobi sun daina tuƙi. To, kasuwar giya ma haka take: manyan dillalai su ɓoye, wanda shi ne abin da fuƙaha'u ke kira ihtikari, mashaya masu kuɗi su saye su jibge a gida, masana'anta ta ɗan dakata har a daidaita sabon farashi da sababbin tambura, ƙaramin mai shago kuma, wanda jarinsa jiya yake ɗauko masa akwati goma, yau ya ga shida yake iya ɗaukowa. A cikin waɗannan sabubba duka babu guda ɗaya da ya shafi zuciyar mashayi.

Bari in kawo misali na haƙiƙa mai suna da shekara, tun da hoton Alhaji ba shi da su. A ƙasar Kenya akwai wata barasa ta gida da ake kira cang'a, wadda ake dafawa a ɓoye a unguwannin talakawa, kuma sau da yawa masu sayar da ita kan gauraya ta da sinadarin metanol don ta ƙara ƙarfi ta kuma yi auki. A watan Nuwamba na shekarar 2000 irin wannan gauraye ya kashe mutum fiye da ɗari a Nairobi da kewayenta, ya makantar da wasu da dama. A 2004 sai kamfanin East African Breweries ya fito da wata giya mai araha mai suna Senator Keg, wadda ake zubawa daga ganga a kofi maimakon kwalba, hukuma kuma ta yi mata rangwamen haraji, daga baya ma ta yafe shi baki ɗaya, da nufin janye talaka daga cang'a. Aka koma yin ta da dawa, har dubban manoma a busassun yankunan gabashin ƙasar suka shiga noman dawa domin kamfanin.

A watan Oktoba na 2013 baitulmalin ƙasar ya bukaci kuɗi, sai aka janye rabin rangwamen. Farashin kofi ya yi kusan ninki, ciniki ya faɗi da fiye da rabi nesa ba kusa ba, dubban ƙananan mashayu suka rufe, kamfani ya rage aiki ya kuma janye daga sayen dawar manoma. Da a ce mai ɗaukar hoto ya bi unguwannin Nairobi a ƙarshen waccan shekara, da ya sami gangunan da babu kowa a kansu da ƙofofi a garƙame iya son ransa, da kuma maƙwabcina ya sami abin turawa. Sai dai watanni bakwai kacal bayan haka, a watan Mayu na 2014, a cikin 'yan kwanaki mutum fiye da tamanin suka mutu a yankunan Embu da Kiambu da Makueni da Kitui saboda barasa mai metanol, asibitoci suka cika da waɗanda idonsu ya rufe. Ba zan ce haraji shi kaɗai ya kashe su ba, domin adalci ya hana ni, tun da an yi irin wannan mutuwa tun kafin a san da shi. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da suka ɓace daga mashayun da aka rufe ba masallaci ko coci suka nufa ba, da yawansu lungu suka zagaya inda ake sayar da mai arha. Hukumar Kenya da kanta ta gane haka, domin a 2015 Shugaba Uhuru Kenyatta ya sa hannu a gyaran doka aka mayar da rangwamen kashi casa'in cikin ɗari, kuma a Yulin shekarar ya ba da umarnin a bi gidajen barasar ɓoye a farfasa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce marubucin nan yana roƙon a sauƙaƙa wa giya farashi. Allah ya kiyashe ni. Haramcinta a shari'a bayyananne ne, ɓarnarta ga hanta da hankali da dukiya da iyali kuma ba ta bukatar shaida, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ƙarin haraji cikin hanyoyi mafi inganci na rage sha, musamman ga yaron da bai fara ba da wanda bai yi nisa ba. Amma wannan raguwa a hankali take zuwa, a cikin shekaru ake auna ta, kuma tana da sharaɗi: a toshe kafar barasar ɓoye da ta fasa-ƙwauri. Misali, ƙasar Estoniya ta ƙara wa giya haraji mai tsanani a 2017, mutanenta suka riƙa tsallakawa Latbiya suna cika motoci, har a 2019 ta sassauta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mu, da muke da tarihin haramta giya a cikin littattafanmu na farko, muke ruɗuwa da kanti wayam. Ɗalibin da ya karanta tafsiri ko kaɗan ya san hukuncin bai sauka rana ɗaya ba, da tadriji ya zo: aka fara da bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla a cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida aka yanke hukunci, bayan an shafe shekaru ana gina imani a zukata. Ranar da hanin ya sauka a Madina kuwa, tulunan cike suke, masu su ne da hannunsu suka kifar da su har ta gudana a lunguna. Can giya tana nan, sha'awarta ce ta tafi. A hoton Alhaji giyar ce ta tafi, sha'awar tana zaune daram tana neman mafita. Wanda ya kasa bambance waɗannan halaye biyu bai kamata ya hau mumbari da labarin ba.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A watan Afrilu na 2015 mutane suka riƙa makancewa suna mutuwa a Ode-Irele ta Jihar Ondo, aka ce fushin abin bauta ne, bincike ya nuna barasar ogogoro ce mai metanol. Watanni biyu bayan haka gomomi suka mutu a Jihar Ribas ta wannan hanya. A Arewa kuma, da aka hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, wanda ya dace a hana, kwalbar ta yi tsada ta koma bayan fage, yaranmu da yawa suka karkata ga tiramol da sholisho da abubuwan da alƙalami ke jin kunyar rubutawa.

Saboda haka ga abin da nake so mai karatu ya riƙe, musamman wanda Allah ya jarrabe shi da ɗa ko ƙane ko miji mai sha, domin lokacin da abin maye ya yi tsada ko ya yi wuya shi ne lokacin da ya fi kamata a sa ido a kansa. Metanol ba ya bambanta da barasa a ido ko a hanci, kuma makircinsa shi ne jinkiri: mutum ya sha da dare, ya yi maye kamar kullum, ya wayi gari lafiya lau a zahiri, sai bayan awa goma sha biyu ko ashirin da huɗu, lokacin da hanta ta juya shi ya zama guba mai cin jijiyar ido, ciwon kai da amai da murɗar ciki su taso, numfashi ya yi sauri, ya ce yana ganin duniya kamar an yi hazon hunturu, ko haske yana soke masa ido. Abin da bai wuce cokali ɗaya ba yana iya makantarwa, biyu zuwa uku na iya kisa. Idan ka ji mai sha ya ambaci hazo a idonsa, kada ka tsaya ba shi madara ko manja ko jiƙo, kada ka ce a bar shi ya yi barci ya wartsake, kada kuma ka tsaya yi masa faɗa, faɗa yana da ranarsa; ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take, ka tafi da ragowar abin da ya sha in an samu, ka kuma gaya wa likita gaskiya tsirararta. A nan ne kunya ke kashe mana mutane: uwa ta san abin da ɗanta ya sha, amma saboda sunan gida sai ta ce zazzaɓi ne, a ɓata awa shida ana neman maleriya, ido kuwa yana tafiya. Likitoci suna da magani, har da wankin jini in ta kama, kuma wani abin al'ajabi shi ne ɗaya daga cikin magungunan shi ne sinadarin giyar kansa tatacce, ana ba da shi da awo a ƙarƙashin kulawa. Wannan aikin likita ne a babin larura, ba izini ba ne ga abokan shansa su ɗura masa wata kwalba. Sannan a tambayi su wa suka sha tare, a nemo su ko da ba su fara jin komai ba, domin tukunya ɗaya ce.

Akwai kuma wanda ya daɗe yana sha kullum, sai tsada ko rashi ko tuba ta gaskiya ta sa ya yanke rana ɗaya. Irin wannan, a kwana na biyu ko na uku, jikinsa kan ɗauki rawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace, wani ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wani ya riƙa ganin ƙwari da macizai a bango yana ihu. Sai dangi su ce iska ce ko sammu, a rufe shi a ɗaki ana turare. A yi masa addu'a, babu mai hanawa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, domin wannan hali yana kisa, kuma akwai allurai da ƙwayoyin da ake saukar da shi da su cikin 'yan kwanaki. Mai niyyar bari, idan shansa ya yi nisa, ya fara zuwa ga likita ya faɗi adadin da yake sha ba tare da ragi ba, dangi kuma su samo masa wanda zai zauna da shi a makon farko, su raba shi da majalisar da ya saba, su nema masa abin yi tsakanin magariba da sha biyun dare, waɗanda su ne sa'o'in da ƙafa ke ɗaukarsa ba da shawararsa ba.

Na mayar wa Alhaji wayarsa na gaya masa kaɗan daga cikin wannan. Ya yi shiru jim, sannan ya ce ai ya riga ya tura wa mutum goma sha biyu.