Filinge: Barikin da Iyakar Sakkwato ta Haifar

Garin Filinge yana cikin Dallol Boso, wato tsohon kwarin da ruwa ya daina gudana a cikinsa tun zamani mai nisa, wanda ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara, kuma albarkarsa ita ce ba a nisa da haƙa ake cin ma ruwa. Wannan ne ya zaunar da Kurfayawa, manoma masu magana da Hausa, a bakin ƙasar makiyaya, inda Zabarmawa ke kudu da su, Abzinawa kuma ke arewa, suna cinikin hatsi da dabbobi a shekarun lumana, suna kai wa juna hari idan zama ya ɓaci.

Abin da ya ɗaukaka garin bisa sauran ƙauyukan Kurfai ya samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a ranar 14 ga Yuni 1898, wadda ta zana iyaka mai siffar baka, nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta bar wa Ingila duk abin da ke cikinta. Da Faransawa suka kafa yankin mulkin soja na uku a 1900, sai suka tarar ba su da hanyar zuwa Damagaram daga bakin kogi sai sun kewaye wannan baka ta arewa, ta Filinge da Tawa, cikin daji mai ƙarancin rijiyoyi inda ayari ke galabaita da ƙishirwa. Saboda haka suka kafa bariki a Filinge, wanda ya zama zangon ɗiban ruwa da guzuri, da wurin tara raƙuma da 'yan dako, kuma talakawan Kurfai ne suka ɗauki nauyin wannan duka, ba da son ransu ba.

Kafin wannan lokaci, Kurfayawa ba su da sarki guda da kowa ke bi, sai dattawan zuri'a da jagororin yaƙi. Ɗaya daga cikin jagororin, Gado Namalaya, ya haɗa kai da baƙin, su kuma suka ɗora shi bisa ƙasar baki ɗaya, har laƙabin Mayaƙi, wanda a da jarumta ke bayarwa, ya koma sarautar gado.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 sun gyara iyakar, babbar hanya ta koma kudu ta Doso da Birnin Ƙonni, amma barikin bai rasa amfaninsa ba, domin shi ne mai tsaron ƙofar Azawak. A watan Afrilu 1916 Firhun, shugaban Abzinawan Iwillimmidan da ya tayar wa Faransa, ya auka wa Filinge, sojojin barikin da mahayan Kurfai suka kore shi, kuma a watan Mayu aka karya rundunarsa a Andarambukan.