Rigar sanyi mai ƙarko da shan iska: Abin da mai saye zai duba kafin hunturu ya kankama a Bauchi

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, unguwar Gwallameji da ke kan hanyar Dass a birnin Bauchi takan wayi gari cikin hazo da iska mai ratsa jiki. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya masu darasin safe, da masu babur da ke fita tun bayan sallar asuba, da masu shayi da masu gadin dare, kowa yakan nemi abin da zai ɗora a kan tufafinsa. Galibinsu gwanjo suke nufa, ko dai a bakin titi, ko a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal.

A wajen masu gwanjo, rigar da ta fi ɗaukar ido ita ce mai sheƙi da ƙarar leda, wadda aka rubuta mata da Turanci cewa ruwa ba ya ratsa ta. Mutane da dama na ɗaukar wannan rubutu a matsayin shaidar inganci. Sai dai a yanayi irin na Bauchi, sau da yawa rigar da ba ta da wannan siffa ce ta fi amfani, ta kuma fi daɗewa.

Abin da ke cikin rigar da ba ta shan ruwa

A shekarar 1823 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Sukotlan, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar sanya roba tsakanin yadi biyu. Rigarsa ta hana ruwan sama shiga, amma ta hana gumi fita. An daɗe ana fama da wannan matsala har zuwa 1969, lokacin da Bob Gore a Amurka ya gano yadda ake miƙar da wani nau'in roba ya zama siririn tantani mai ƙananan ƙofofi. Daga nan aka samu yadin Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976. Kamfanin ya ce kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma tana da faɗin da tururin gumi zai wuce. Riguna masu araha kuwa ba su da wannan tantani. Ana shafa wa cikinsu ruwan roba ne kawai ya bushe.

Ko mai tsadar ma tana da iyaka. Tururi na fita ta cikinta a hankali, iska kuwa kusan ba ta ratsa ta sam. Da zarar mutum ya yi tafiya mai nisa ko rana ta ɗaga, gumin da jiki ke fitarwa yakan fi wanda tantanin ke iya zubarwa, sai cikin rigar ya jiƙe.

An ƙirƙiri irin wannan riga ne domin ƙasashen da sanyi da ruwan sama ke zuwa tare. A Bauchi kowanne da lokacinsa. Ruwan shekara, wanda yakan kai kimanin milimita 1,000, yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma a lokacin ba a fama da sanyi. Hunturu kuwa busasshiyar iska ce daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, da azahar kuma ya kai 30 ko ya haura. Rigar da aka sa da ƙarfe bakwai takan zama kaya kafin sha ɗaya. Wanda ya jiƙe da gumi a cikinta, ya tuɓe ta, ya hau babur, zai ji sanyin da ya fi na safe, domin busasshiyar iska na kwashe ɗumin jiki da sauri ta jiƙaƙƙen tufafi.

Dalilin da ya sa take saurin mutuwa

Tantanin da shafen roba su ne ke fara lalacewa a jikin riga. Danshi da zafi na narkar da robar sannu a hankali, har ta fara danƙo, ko ta riƙa ɓarewa tana zuba kamar amosani. Siririn tef ɗin da ake liƙawa a kan ɗinki shi ma yakan saki. Rigar gwanjo ta riga ta yi shekaru a jikin wani, ta kuma yi watanni a matse cikin dila, don haka mai saye ragowar kwananta yake saya.

Wankinmu ma ba ya yi mata daɗi. Garin sabulu mai ƙarfi, da cuɗawa, da matsewa, da shanya a tsakiyar rana, da dutsen guga na gawayi, duk suna gaggauta mutuwarta. Idan ta yage, tela zai iya ɗinke ta, amma kowane hujin allura ƙofa ce ga ruwa.

Akwai kuma batun sinadaran PFAS da aka daɗe ana amfani da su wajen yin tantanin da shafa bayan riga, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Jihohin Kalifoniya da Niyok sun fara taƙaita su a tufafi daga Janairun 2025, Faransa ma ta kafa dokar hana su a shekarar 2025.

Yadin da saƙarsa ce ke tare iska

Kafin zuwan tantani, matsattsiyar saƙa ce garkuwar matafiya. A 1879 Thomas Burberry na Ingila ya ƙirƙiro yadin gabadin, wanda Roald Amundsen ya yi amfani da shi a tafiyarsa zuwa ƙuryar kudancin duniya a 1911. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, masana a birnin Manchesta suka fito da yadin Ventile na zallar auduga, wanda zarensa ke kumbura idan ya jiƙe ya toshe ƙofofin saƙar. Kamfanin Fjällräven na Suwidin kuma tun 1968 yake ɗinka riguna da wani yadi mai kauri, wanda a yau ake haɗa shi da foliyesta kashi 65 da auduga kashi 35, ana goga masa kaki idan ana son ya ƙara jure yayyafi.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda gwado da luru, saƙar hannu ta auduga mai kauri, suka daɗe suna raba mutane da sanyin dare. A yau mafi kusa da hannu su ne jaket ɗin kaki irin na masu yi wa ƙasa hidima, da na jins, da rigunan ma'aikata na kanbas, da siririn nailan mai saƙar murabba'i wanda ba a shafa wa cikinsa roba ba. Dukkansu suna rage ƙarfin iska, suna barin gumi ya fita, kuma kowane tela na iya yi musu faci. Suwaita ta ulu da mai laushin gashi suna riƙe ɗumi, amma iska na ratsa su kai tsaye, don haka wurinsu ƙarƙashin jaket ne.

Gwaji a gaban mai gwanjo

Mai saye ya fara da juya rigar ciki waje. Idan ya ga farin shafe mai santsi, ko tef a kan ɗinki, ko ya ji danƙo, to mai roba ce. Daga nan ya ɗora yadin a bakinsa ya hura: idan numfashi bai wuce ba sam, rigar za ta tara gumi; idan ya wuce ba tare da wata tirjiya ba, iska za ta ratsa ta; wadda ake nema ita ce mai barin numfashi ya wuce da ƙyar. Ɗaga yadin ga hasken rana ma na nuna inda saƙa ta sake ko ta cinye.

Sai ya duba ɗinkin kafaɗa da hammata da bakin aljihu, domin nan ne yagewa ke farawa, kuma ɗinki mai layi biyu ya fi ƙarko. Ya ja zif sama da ƙasa sau da dama. Ga mai babur, wuyan da ke rufe maƙogwaro da bakin hannu mai tsukewa sun fi kaurin yadi muhimmanci, saboda ta nan iska ke shiga. Ya kuma zaɓi mai ɗan yalwa, yadda zai sa suwaita a ciki da safe ya cire ta da hantsi. Launin ƙasa da na toka sun fi baƙi ɓoye ƙura. Kowace rigar gwanjo a wanke ta a shanya kafin a sa.

Masu jin ɗumi a bakin wuta ko kaskon gawayi su lura cewa nailan da foliyesta narkewa suke yi su manne a fata idan tartsatsi ya kama su. Auduga mai kauri da ulu ba sa narkewa, ko da yake auduga na cin wuta, don haka ita ma sai da hattara, musamman ga yara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan riguna da za ta tare ruwan Agusta, kuma auduga idan ta jiƙe takan yi nauyi ta daɗe ba ta bushe ba. Maganin damina shi ne lema ko rigar ruwa mai araha da ake naɗewa a ajiye a jaka ko a ƙarƙashin kujerar babur. Ɗalibi ko mai sana'ar da ya raba buƙatun biyu, ya sayi kowace daban, zai iya cin hunturu da dama da jaket guda, maimakon komawa kasuwa duk Nuwamba.